Yadda Ake Shirya Fostar Bincike Don Gasar Ɗaliban Injiniyancin Tsari

A duk lokacin da aka fitar da sanarwar gasar fostocin bincike, tambayoyin da ɗalibai ke kawo mini kusan iri ɗaya ne: daga ina ake farawa, me ake rubutawa a kan fostar, wace manhaja ta fi dacewa, nawa ake kashewa, kuma me alƙalai ke dubawa idan sun tsaya gaban allo. Saboda haka na ga ya dace in tattara amsoshin wuri guda, bisa jerin da ya kamata a bi.

Jagorar ta shafi injiniyancin tsari, wato fannin da ke kula da yadda na'urori da manhajoji da mutane da kuɗi ke haɗuwa su zama abu guda mai aiki. Ƙungiyar INCOSE, wadda ita ce babbar ƙungiyar masana fannin a duniya, da ƙungiyar IEEE ta injiniyoyin lantarki, suna ba ɗalibai fili a tarukansu. Akwai kuma taron SIEDS da Jami'ar Virginia ke shiryawa duk shekara a Amurka, wanda yawancin ayyukan da ake gabatarwa a cikinsa na ɗalibai ne, da taron CSER na masu bincike. A Nijeriya ma Jami'ar Legas tana da sashen wannan fanni. Dokokin kowace gasa daban ne, amma abin da alƙali ke nema ɗaya ne a ko'ina: yana son ya ga zaren da ya taso daga matsalar mutane, ya bi ta sharuɗɗan da kuka gindaya, ya ratsa zaɓin da kuka yi, ya ƙare a gwajin da ya nuna ko abin ya yi aiki. Duk matakan da ke ƙasa hidimar wannan zaren suke yi.

Mataki na 1: Karanta dokokin gasa

Kafin ku buɗe kwamfuta, ku buga sanarwar gasar a takarda, ku ja layi ƙarƙashin abubuwa shida: wa ya cancanci shiga, ranar rufe karɓar tsakure (wato taƙaitaccen bayanin binciken), girman fosta, ko a tsaye za ta kasance ko a kwance, adadin mintunan da za a ba ku don yin bayani, da kuma ma'aunin da alƙalai za su yi amfani da shi wajen ba da maki. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi kowanne muhimmanci. Idan masu shirya gasar sun wallafa takardar maki, ku manna ta a bango inda kuke aiki, domin ita ce za ta gaya muku nawa za ku ba kowane ɓangare na fostar.

Hattara: wa'adin tarukan ƙasashen waje yana bin agogon inda ake taron ne, ko wani agogo da aka ambata a sanarwar. Ku lissafa bambancin sa'o'i tun da wuri, ku kuma ɗauka a ranku cewa wa'adin ya zo kwana biyu kafin ranarsa, saboda wuta da intanet ba su da tabbas a daren ƙarshe.

Mataki na 2: Izini da tsakure

Ku sami amincewar malamin da ke duba aikinku kafin ku tura komai. Idan wani kamfani ko hukuma ce ta ba ku bayanan da kuka yi aiki da su, ku nemi izininta a rubuce, domin fosta abu ne da ake kafewa a bainar jama'a, kowa na iya ɗaukar hotonta. Haka nan idan akwai niyyar yi wa ƙirƙirar rajistar mallaka, a tuntuɓi ofishin jami'a da ke kula da wannan tukuna, saboda bayyana ƙirƙira a fili kafin a shigar da takardu na iya ɓata damar rajistar a ƙasashe da yawa.

Tsakuren kansa ya ƙunshi matsala, hanyar da aka bi, sakamako da alƙalumansa, da amfanin sakamakon. Kada ya wuce adadin kalmomin da aka ƙayyade ko da kalma ɗaya. A nan ne kuma za a daidaita jerin sunayen waɗanda suka yi aikin, tun kafin maganar kyauta ta taso.

Mataki na 3: Fitar da jimla guda

Ku zauna ku rubuta, cikin jimla ɗaya tak, abin da bincikenku ya gano. Ana nufin abin da kuka gano, ba abin da kuka yi ba. "Mun yi nazarin samar da ruwa a ƙauye" bayanin aiki ne kawai, babu sakamako a cikinsa. Amma idan kuka ce famfo mai aiki da hasken rana ya fi mai aiki da janareto sauƙin kuɗi idan aka lissafa shekara goma, muddin akwai tankin da zai riƙe ruwan yini guda, to kun faɗi abin da mutum zai iya yarda da shi ko ya musa. Wannan jimlar ce za ta zama taken fostar ko babban rubutun da ke tsakiyarta, kuma duk abin da bai taimaka wajen kafa ta ba, a bar shi a cikin kundin digiri.

Idan kun kasa fitar da jimlar, alama ce cewa binciken bai nuna ba tukuna, kuma babu adon da zai rufe wannan.

Mataki na 4: Jera zaren hujja

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma a nan ne fostar injiniyancin tsari ta bambanta da ta sauran fannonin injiniya. Zan ci gaba da misalin rijiyar burtsatse don a ga yadda kowane sashe ke riƙe da na gabansa. Alƙaluman misali ne kawai, ku sa naku.

Da farko masu ruwa da tsaki. Su wa abin ya shafa, kuma me kowannensu ke so? Matan da ke ɗebo ruwa suna son kusanci da gajeren layi, kwamitin gari yana son abin da ba zai cinye kuɗin gyara ba, makiyaya suna son wurin shayar da dabbobi, mai gyara kuma yana son kayan da ake samu a kasuwar kusa. Layi huɗu ko biyar sun isa, amma dole a nuna yadda kuka san waɗannan buƙatu, ko ta hira ce, ko ta takardar tambayoyi, ko ta zuwa wurin.

Na biyu, sharuɗɗan tsari. A nan ake mayar da buƙata zuwa abin da za a iya aunawa. "Ruwa ya wadata" buri ne, ba sharaɗi ba. Sharaɗi shi ne a ce tsarin zai samar da lita 20 ga kowane mutum a kullum, wanda shi ne ma'aunin buƙata ta farko da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ambata, ga mutum 1,000, wato lita 20,000 a yini. Ku ba kowane sharaɗi lamba. Ku zaɓi huɗu zuwa shida mafi nauyi ku sa a fostar, sauran su tsaya a takardar da za ku riƙe a hannu.

Na uku, zanen tsari da iyakarsa. Ku zana akwatuna da kibiyoyi da ke nuna faifan sola, famfo, tanki, bututu, kawunan famfo, da mutanen da ke kula da su, sannan ku ja layi ya kewaye abin da ke cikin tsarinku, abin da ke wajensa kuma, kamar yanayin rana da zurfin ruwan ƙasa, ya tsaya a waje. A kan kowace kibiya ku rubuta abin da ke bi ta cikinta: ruwa ne, lantarki ne, kuɗi ne, ko bayani. Idan kun yi amfani da SysML, wato tsarin alamomin da injiniyoyin tsari ke zane da shi, ku tuna ba kowane mai wucewa ne ya san alamominsa ba, don haka ku sa ɗan mabuɗi a gefe. Na fi ganin amfanin zane guda mai tsabta a kan zane uku da aka cusa.

Na huɗu, kwatanta zaɓi. Alƙalai na son ganin cewa kun duba wasu hanyoyi kafin ku tsaya a kan ɗaya. Ku yi jadawali mai zaɓi uku, misali famfon tuƙa-tuƙa, famfon janareto, da famfon sola, ku auna su da ma'aunai kamar kuɗin shekara goma, juriya, sauƙin gyara da yawan ruwa, kowane ma'auni da nauyinsa, wato yawan muhimmancin da kuka ba shi. Abin da ɗalibai da yawa ke mantawa shi ne su faɗi inda nauyin ya fito, su kuma nuna ko sakamakon zai canja idan aka ɗan motsa nauyin. Idan ƙara wa sauƙin gyara kashi 10 cikin 100 zai sa tuƙa-tuƙa ya wuce sola, ku faɗa a fili. Alƙalin da ya ga haka ya san kun fahimci aikinku.

Na biyar, lissafi ɗaya da ke ɗauke da ƙirar. Ɗaga lita 20,000 zuwa tsawon mita 40 yana buƙatar kusan kilowat-awa 2.2 a yini. Idan famfo da injinsa suna mayar da rabin lantarkin da suka sha ne kawai zuwa aiki, buƙatar ta koma kusan 4.4, idan kuma ana samun sa'a biyar ta cikakkiyar rana, faifan da ake buƙata ya kusa kilowat 0.9 kafin a ƙara rarar ƙura da zafi. Layi uku ke nan, amma sun fi shafi guda na dogon bayani.

Na shida, gwaji. Masana fannin suna raba tambayoyi biyu: shin an gina abin daidai da sharuɗɗan da aka rubuta, da kuma shin abin da aka gina shi ne wanda mutane ke buƙata tun asali. Ku amsa ta farko da jadawalin da ke ɗauke da lambar kowane sharaɗi, hanyar gwada shi, da sakamakon. Ku amsa ta biyu da abin da masu amfani suka nuna. Tsari na iya fitar da lita 20,000 cif, amma idan duk ruwan yana zuwa da tsakar rana alhali mutane da asuba suke ɗiba, ya ci gwajin farko ya faɗi na biyu.

Hattara: idan kwaikwayon kwamfuta kawai kuka yi, ba ku gina komai ba, ku rubuta haka ƙarara. Haka kuma sharaɗin da bai cika ba, kada ku goge shi daga jadawali. Ku bar shi, ku faɗi dalili. Alƙalan wannan fanni galibi mutane ne da suka daɗe suna aiki a masana'antu, kuma jadawalin da komai ya yi daidai a cikinsa yana sa su ƙara bincike ne.

Mataki na 5: Zana da fensir tukuna

Ku ɗauki farar takarda, ku raba ta ginshiƙi uku idan fostar a kwance take, ko biyu idan a tsaye take. Take da sunaye da jami'a a sama. Matsala da sharuɗɗa a hagu, zanen tsari da babban sakamako a tsakiya daidai tsayin ido, gwaji da iyakokin aiki da abin da ya rage a dama. Ku bar sarari fari mai yawa tsakanin sassa. Rubutun gaba ɗaya, a ganina, kada ya wuce kalma 500 zuwa 800, sauran filin na zane da jadawali ne.

Mataki na 6: Manhaja da girman shafi

PowerPoint ta isa, kuma ita yawancin ɗalibai suka saba da ita. Wanda ba shi da ita zai iya amfani da LibreOffice Impress, ko Inkscape, ko Scribus, dukansu kyauta ne. Wanda aikinsa ke da lissafi da yawa kuma ya iya LaTeX, manhajar tsara rubutun lissafi, zai ji daɗin kayanta na yin fosta, beamerposter ko tikzposter. Don zanen akwatuna da kibiyoyi, draw.io kyauta ce kuma tana da sigar da ke aiki ba tare da intanet ba.

Abu na farko da za ku yi bayan buɗe manhajar shi ne saita girman shafi. Takardar A0 faɗinta milimita 841 ne, tsawonta 1189. A1 kuma 594 ne da 841. Tarukan Amurka sun fi amfani da inci 36 da 48, wato kusan santimita 91 da 122. PowerPoint ba ta karɓar shafin da ya wuce inci 56 a kowane gefe, saboda haka idan an nemi abin da ya fi haka, sai a tsara shi a rabin girma, a gaya wa mai bugawa ya ninka shi biyu.

Hattara: A0 da inci 36 da 48 sun yi kama amma ba ɗaya ba ne. Wanda ya tsara a ɗaya ya buga a ɗayan, ko dai a yanke masa gefe, ko a miƙe zanensa har da'ira ta koma kamar ƙwai. Canja girman shafi bayan an gama aiki kuma yana wargaza komai, don haka a yi shi tun farko.

Mataki na 7: Haruffa, launi da hotuna

Take ya kasance tsakanin maki 72 zuwa 100 na girman harafi don a karanta shi daga nesa, kanun sassa 36 zuwa 48, rubutun ciki kada ya gaza 24. Wannan ƙa'ida ta haɗa da rubutun da ke cikin zane da gefen giraf, inda aka fi yin sakaci. Nau'in haruffa biyu sun wadatar. Launi uku ma sun wadatar, rubutu mai duhu a kan fili mai haske. Kada ku bambanta layuka biyu da ja da kore kaɗai, domin akwai mutane da dama, musamman maza, da idonsu ba ya rarrabe waɗannan launuka. Ku ƙara musu alama, ko ku rubuta sunan kowane layi a jikinsa.

Kowane giraf ya zo da sunan abin da aka auna da ma'auninsa, kuma takensa ya faɗi abin da ya nuna. Zane-zane a fitar da su a sigar PDF ko SVG don kada su dushe idan an faɗaɗa su. Hoton kamara kuma yana buƙatar aƙalla ɗigo 150 a kowane inci a girman da zai fito, ma'ana hoton da zai kai santimita 20 a fosta ya kasance yana da faɗin fiksel kusan 1,200 ko fiye.

Hattara: WhatsApp yana matse hoton da aka tura ta hanyar da aka saba, ingancinsa ya ragu. A tura shi a matsayin fayil, ko ta imel. Hoton da fuskar mutane ta fito a ciki, sai da yardarsu. Zanen da ba naku ba ne kuma, a rubuta mai shi a ƙarƙashinsa.

Mataki na 8: Gwaji a ƙaramar takarda

Ku mayar da fostar PDF, ku buga ta a A4. Tun da A4 kashi ɗaya cikin huɗu ne na A0 a faɗi da tsawo, rubutun maki 24 zai koma 6. Idan kuna iya karanta shi riƙe a hannu, to babbar ma za ta karantu ga wanda ya tsaya gabanta. Ku ba wani ɗalibi daga wani sashe ya duba na minti ɗaya, ku karɓe, ku tambaye shi me aka gano. Idan amsarsa ba ta yi kusa da jimlarku ta mataki na 3 ba, a koma kan tsari. Bayan haka malaminku ya duba, sannan wani ya karanta don kurakuran rubutu kaɗai, har da sunan jami'a da sunayenku, waɗanda ido ya saba da su har ba ya ganin kuskurensu.

Mataki na 9: Bugawa da lissafin kuɗi

Masu buga manyan takardu da yawa suna yin farashi ne bisa murabba'in ƙafa. A0 murabba'in mita ɗaya ce, wato kusan murabba'in ƙafa 10.8, mai inci 36 da 48 kuma murabba'in ƙafa 12 ce cif. Ku tambayi farashin ƙafa ɗaya a shago biyu ko uku, ku ninka, za ku san abin da ya kamata a caje ku. Fileks irin na tallan 'yan siyasa ya fi arha kuma yana jure wahala, amma ƙananan haruffa da siraran layuka ba sa fita sosai a kansa, ga nauyi da ke sa ƙusa ta kasa riƙe shi. Takarda marar sheƙi ita na fi ba da shawara, domin mai sheƙi tana mayar da hasken fitilun zaure a idon mai karatu. Bugu a kan yadi ya fi tsada, amma ana iya naɗe shi a sa a jaka, abin da ke da amfani ga mai shiga jirgi.

Kuɗin bugawa ɗan ƙaramin ɓangare ne kawai na lissafin. Ku rubuta kuɗin rajistar taro, kuɗin zama ɗan ƙungiya idan sharaɗi ne, sufuri, masauki, abinci, fasfo da biza idan taron na waje ne, bututun ɗaukar fosta, da kwafi 20 ko 30 na A4 don rabawa. Ɗalibai galibi suna samun rangwamen rajista, wasu taruka kuma suna da tallafin tafiya, amma wa'adin nemansa yakan rufe da wuri. Wanda zai nemi biza ya roƙi wasiƙar gayyata ranar da aka karɓi tsakurensa.

Hattara: ku ba mai bugawa PDF, ba fayil ɗin PowerPoint ba, domin idan kwamfutarsa ba ta da nau'in haruffanku, za ta musanya su, layuka su goce. Launin allo ma ba ya fita daidai a tawada, shuɗi da kore masu haske sukan dushe, saboda haka ku nemi ya buga ɗan yanki ku gani kafin ya buga duka. Ku buga aƙalla kwana biyar kafin tafiya, ku duba a shagon kafin ku biya.

Mataki na 10: Atisayen bayani

Ku shirya bayani iri uku: na daƙiƙa 30 ga mai wucewa, na minti biyu ga mai sha'awa, da na cikakken lokacin da aka ba ku gaban alƙalai. Dukansu su fara da matsala da sakamako, ba da tarihin yadda kuka zaɓi batun ba. Ku yi atisayen a tsaye, da agogo, kuna nuna sassan fostar da hannu ba tare da karanta ta ba.

Akwai tambayoyin da kusan ba sa wucewa a wannan fanni. Daga ina wannan sharaɗin ya fito? Me ya sa kuka ƙi ɗaya zaɓin? Wane sashe ne idan ya lalace tsarin duka zai tsaya? Wane zato kuka yi wanda idan ba daidai ba ne sakamakon zai rushe? Nawa ne kuɗin kula da shi bayan an gina? Idan aikin na rukuni ne, za a tambayi kowa abin da shi ya yi da hannunsa, kuma kowa ya iya bayanin fostar duka, ba ɓangarensa kaɗai ba. Tambayar da ba ku gwada amsarta ba, ku ce ba ku gwada ba, sannan ku faɗi yadda za a gwada. Wannan ya fi kame-kame nesa ba kusa ba.

Mataki na 11: Ranar gasa

Ku isa zauren da wuri ɗauke da ƙusoshin allo, salatif mai manne fuska biyu, almakashi, biro, ƙaramin littafi, ruwan sha, da kwafin PDF a waya da filashi ko da fostar za ta ɓace a hanya. Wanda zai hau jirgi kada ya ba da bututun fosta a cikin manyan kaya, ya shiga da shi hannu. Ku nemo lambar allonku, ku kafe kusurwoyin sama tukuna, ku ja da baya ku tabbatar ta miƙe. Wasu zauruka sun hana ƙusa ko salatif, don haka a tambaya kafin a manna.

Ku tsaya a gefen fostar, ba a gabanta ba, waya a aljihu. Ba kowane alƙali ne ke gabatar da kansa ba, saboda haka duk wanda ya tsaya ku yi masa bayani da cikakkiyar kulawa. Kada ku bar wurin a lokacin da aka ware don alƙalanci. Idan lokacin salla ko wata lalura zai faɗo a ciki, ku sanar da masu shiryawa tun da safe, ku bar abokin aiki a wurin ko ɗan rubutu mai nuna lokacin dawowarku. Duk tambayar da ta ba ku wuya, ku rubuta ta a littafin nan take tare da sunan wanda ya yi ta idan ya yarda, domin da ita za ku gyara kundinku. Bayan an rufe, ku nemi takardar makinku idan ana bayarwa, ku kuma cire fostar a lokacin da aka ƙayyade, saboda waɗanda aka bari a allo bayan wa'adi ma'aikatan zaure kan kwashe su ne tare da shara.